Waya a Gwangwani

A ɗakin jiran likita, tela ya ga mutumin gefensa rungume da gwangwanin madara. Ya daure, ya kasa.

"Malam, me ke ciki?"

"Wayata. Takardar kwalinta ta ce a nisanta ta da jiki. Hukuma ta auna tururin da take fitarwa."

"Tazarar yatsa aka ce, ba gwangwani ba. Ai ko kira ba zai shiga ba."

"Haka matata take cewa, wai kwana uku uwarta tana nemana."

"Buɗe mu gani."

Yana ɗaga murfin, wayar ta hau ruri. Ya leƙa sunan, ya rufe a hankali.

"Ka gani ko? Har kaina ya fara sarawa."