Wurin Bakin Ƙofa

A tashar Birnin Gwari ana lodin motar katako mai zuwa Kaduna. Malam Ladan ya tarar wani dattijo ya riga shi zama a bakin ƙofa.

"Baba, matsa ciki mana. Ni mai son iska ne."

"Wane ne Babanka? Furfurarka ta fi tawa! Sunana Andrawus, kuma daji nake son kallo."

"Dajin da ka tsufa a cikinsa?"

"Ina ruwanka?"

Fitsarin nan mai zuwa da gaggawa ya fita da rowa ya sake tsikarin Ladan. Direba kuwa ba ya tsaya wa mutum ɗaya a daji. Sai ya hangi buta tsakanin ƙafafun dattijon.

"Andrawus, alwalar me za ka yi a hanya?"

Dattijon ya ce ƙasa-ƙasa, "Likita ya ce wani abu ne ya kumbura, ya matse mafitsara. Sai ɗigo-ɗigo."

"Wayyo ɗan'uwa! Ni ma wurinsa za ni."

Andrawus ya muskuta. "Zauna. In na bugi jikin mota, kai ka yi ihu. Direba ba zai ƙi tsaya wa tsofaffi biyu ba."

"To, ara mini butar."

"Ko tashi ba mu yi ba, Malam!"

"Na sani. Riƙe mini wurin."