Ƙafar Keke Daban, Ta Gudu Daban

A bencin mai gyaran keke, wani dattijo ya dubi ƙafar robar matar da ke gefensa.

"Sannu, 'yata. Da wannan kike tuƙa keke?"

"Wannan ta yawo ce, Baba. Ranar gasar iyo da keke da gudu nakan cire ta in yi iyo. Ina fitowa in sa ta keke, in na sauka in sa ta gudu."

"Ikon Allah! Ni mai ƙafa biyu, matakala uku sai haki."

Ta yi dariya. Shi kuwa ya sunkuyar da kai.

"Ɗana bai leƙa waje ba tun da aka yanke tasa."

"Ya iya iyo?"

"Kamar kifi."

"To, kawo mana shi ranar Asabar. Da ruwa ni ma na fara."