Kada Ku Ɗauke Mana Likitar Ferentari

Mai girma shugaban taro, 'yan majalisar gunduma, Fada Gherasim na cocinmu, likitoci, maƙwabtana maza da mata, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba mai sharar bene dama ta yi magana. Sunana Floarea Manolache.

Na farko, a benen da nake sharewa, gida biyar ke da mai ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya, ciwon jin muryoyin da babu su. Ɗaya ɗana ne, Sorin. 'Yar'uwata tana aiki a unguwar masu hali, ta ce a duk layinsu mutum ɗaya ta sani. Da na faɗa wa wani ɗan majalisa haka, sai ya ce, "Baba, ai a jininku yake, ku 'yan unguwar Ferentari."

Jininmu ne ya rufe masana'antar da mijina ya yi shekara ashirin a ciki? Jininmu ne ya cusa mutum shida a ɗaki ɗaya, bango na tsatsar da ruwa? Jininmu ne ya watsa alluran 'yan ƙwaya a matakalar da jikokinmu ke wasa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, Sorin ya nemi aiki wuri tara. Da sun ga sunan unguwarmu, Ferentari, a takardarsa, sai su ce, "Za mu kira ka." Shekara biyu ya yi yana jiran kira. Sai wata rana ya ce mini, "Mama, sun kira, ta cikin bututun ɗumama ɗaki suke magana." Ban ce rashin aiki kaɗai ya jawo ba, gado ma yana ciki. Amma itace busasshe ne wuta ke fara ci.

Na uku, likita ɗaya muke da ita, Dakta Zamfir, ranar Talata kawai take zuwa. Allurar da take yi wa Sorin duk wata ce ta sa yau yake facin taya, yana cin guminsa. Yanzu kun ce za ku mayar da ita ƙarshen gari, mota uku daga nan. Mutumin da ke tsoron fita ƙofar gida ne zai hau mota uku? Mirela ta hawa na huɗu, ita ma mai wannan ciwon ce, a bara aka tura ta asibitin can. Ba ta isa can ba, ta ɓace, har yau uwarta na manna hotonta a tashoshi.

Ku bar mana likitarmu, ku ƙara mata rana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya dawo da Mirela gida, ya ba shugabanninmu kunnen ji, ya kuma kare 'ya'yanku daga abin da ya samu namu.

Na gode.