Leɓen Mai Azumi Ya Tona Mini Asiri

Salama alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Istifanus tela, daga Matameye.

Da mahaifiyata ta rasu, na ɗauki azumin kwana uku, ina roƙon Ubangiji ya ba ni haƙuri. Mu Kirista, Fasto ya koya mana mai azumi ba ya shela. To ga zaman makoki, maƙwabta sai kawo abinci suke yi, ni kuwa ina cewa na ƙoshi. Maƙwabciyarmu Hajiya Rabi ta ce baƙin ciki zai kashe ni, ta sa aka yanka zakara, ta dire farfesu a gabana, ta zauna gadina! Ina addu'a, cikina yana amsa amin.

Rana ta uku da magariba, mijinta Malam Sani ya miƙo mini dabino, ya ce, "Sha ruwa, Istifanus. Shekara arba'in ina azumi, leɓen mai azumi zai ɓace mini?" Nan na fashe da kukan da na riƙe tun ranar jana'iza, ina tauna dabino.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Ban faɗa wa kowa ba, leɓe ne ya faɗa. Ladana yana nan?

A gaida Hajiya Rabi, ta yafe mini zakaranta. Ƙannena ne suka cinye.