Jinin Aro

A ɗakin jira na asibiti, wata matashiya ta matso kusa da wata dattijuwa da ba ta sani ba.

"Mama, don Allah in an kira ni, ki shiga a ɗebi jininki don gwaji a madadina."

"Ke, lafiyarki ƙalau?"

"Aikin ƙara girman nono za a yi min. Likita ya ɗage, wai jinina ya yi ƙasa, kuma ba ya saurin daskarewa. Sai na yi watanni ina shan magani!"

"To saurin me kike yi?"

"Tun da na yaye yarona maigidan bai ƙara kallona ba."

"Amma ba ki da hankali! A ce ma an ɗebi nawa, an ce lafiya lau. Ranar da aka sa wuƙa, jinin wa zai zuba, nawa ko naki?"

"Kada ki yi min baki, Mama!"

"Shi maigidan yana ina, kike roƙon jinin baƙuwa?"

"Yana mota."

"Ya san abin da likita ya ce?"

"Shi ya ce in nemo wadda za ta shiga."