Ƙwaron da ke Cin Begoniyar Safara'u

A tashar bas ta unguwar Utaibiyya a Makka, Safara'u na tsaye cikin rana ta riƙe wa tukunyar fure lema. Wata dattijuwa da ke gefenta ta kasa haƙuri.

"'Yar nan, rana na gasa ki, ke kuma ganye kike yi wa inuwa?"

"Begoniya ce, Hajiya. Yau ƙungiyarmu ta masu renonta ke gasar shekara. Mu tara ne duk Makka."

"Ana miya da ita?"

"Subhanallahi! Kallonta ake yi. Ba ta son zafi, shi ya sa take kwana a ɗakinmu mai mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Maigida ya koma falo."

"Kuma ya yarda?"

"Wata huɗu ke nan, ko uffan bai ce ba."

Dattijuwa ta miƙa hannu ta tsinki ganye ɗaya, ta jefa a baki.

"Kai! Tsami kamar yakuwa!"

"Hajiya, kin kashe ni! Ganyen ne alƙalai ke dubawa! Dama duk Alhamis sai na tarar biyu sun ɓace, na yi feshin maganin ƙwari har na gaji, ƙwaron ya ƙi mutuwa."

"Wa ke girki ran Alhamis?"

"Maigida, tunda ina wajen taron ƙungiya. Fate yake yi mana, mai ɗan tsami-tsami, har ƙari nake..."

Safara'u ta ƙura wa ganyen begoniyar ido.

"To bar feshi, 'yar nan. Ƙwaronki a falo yake kwana."