Yatsa a Haɓa

A bencin ƙofar kotun yara, uwar ta kasa zaune ta kasa tsaye. Lauya ta shige ɗaki da ɗanta da ake zargi da satar waya.

"Me take kitsa masa?" ta tambayi wani tsoho mai aski a gefenta. "Ai na gaya masa ya sunkuyar da kai, duk abin da manya suka faɗa ya ce to."

"Haka mahaifina ya ce mini, 'yata, da aka ɗora mini satar keke. Saura ƙiris in amsa laifin da ban yi ba."

"Sai aka yi yaya, Baba?"

"Wani lauya mai tsohuwar kwat, Allah ya jiƙansa, ya durƙusa gabana. Babban mutum fa! Ya sa yatsa ya ɗago haɓata, ya ce, 'Dube ni. Kai ka ɗauka?' Har yau in na ɗago haɓar yaro wajen aski, ƙamshin turarensa nake ji."

Ƙofa ta buɗe, yaron ya fito kansa a ɗage. Uwar ta buɗe baki za ta tsawata masa, sai ta haɗiye maganar.